Cokali Goma Sha Biyu

"Sau nawa ka farke ta?"

Na jefa rigar a kan teburin yanka, ta faɗa kan almakashi da allin awo. Mijina ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki. Shagon ya yi tsit, sai fankar sama da ke ta ƙugi.

"Gimbiya, sannu da zuwa. Zauna mana..."

"Ba zama ya kawo ni ba! Na ce sau nawa?"

Ya ɗauki rigar, shuɗiyar nan mai dogon hannu, ya juya cikinta waje. Layi uku na tsohuwar hudar allura suna nan a gefe, inda ɗinki ya taɓa zama kafin a matsar da shi.

"Sau uku," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ita kaɗai?"

"Duka... har na zaman gida."

Na dafa teburin.

Shekara shida ke nan da aka yi mini tiyatar rage ciki. Na shiga ɗakin aikin da kilo ɗari da talatin da takwas da ciwon suga, ciwon da ya fara cin ƙafar Mama kafin ya cinye ta gaba ɗaya. Cikin shekara biyu na sauko saba'in da tara, suga ya kwanta, aka daina yi mini allurar suga. Sai dai sikeli ya so ya haukata ni. Sau biyar nake hawa a rana, in ya ƙaru da rabin kilo in wuni ina kuka. Likita ta ce in bayar da shi, in zaɓi riga ɗaya ta zame mini ma'auni. Duk ranar da ta matse, in dawo asibiti.

Shi ya ɗinka mini rigar da hannunsa, tun muna saurayi da budurwa. Ya san abin da take nufi a wurina.

"Me ya sa, Tela? Me na yi maka?"

Tela nake ce masa tun ranar farko, da tsokana aka fara, ya bi shi har cikin aure.

"Kullum da jajayen idanu kike dawowa daga gidan Baba," ya ce. "Ran nan na ga kina kokawa da zip, kin ciji leɓe... na ce wannan baiwar Allah ba za ta iya ɗaukar wani kukan ba. Yatsa ɗaya kawai na ƙara. Na ce in abubuwa suka lafa zan faɗa miki."

"Sai yatsa ya zama uku."

"Don ina son ki ne, wallahi..."

"So? Ka rufe mini ido ina tafiya bakin rami, ka ce so! Ka manta yadda Mama ta ƙare? Ai ba ka gani ba, ni na wanke ƙafar!"

Ya miƙo hannu, na ja baya.

"Kada ka taɓa ni. Gidan Baba zan kwana, kada ka biyo ni."

Na fito ina huci. Amma a hanya na faɗa wa kaina abin da ban faɗa masa ba. Gwiwoyina sun daɗe suna ba ni labari, hawa bene ya koma yi mini wuya, ƙishirwa ta dawo. Na ji duk wannan, sai in sa rigar, ta shige, in ce lafiya lau. Daɗin ƙaryar ni ma na sha.

*

Wata takwas ke nan da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye. Na ɗauki dogon hutu daga makarantar da nake koyar da lissafi, na koma wuni a wurinsa. Gwaggo, ƙanwarsa, ita ke kwana, amma idonta ya yi rauni, hannunta kuma rawa yake, ko shayi ta ɗauko rabinsa a ƙasa yake ƙarewa. Yayana yana can wani gari mai nisa, a waya yake jinya.

Ciwon bai tsaya a jiki ba. Ya ɗauki hankalin Baba ya mayar da shi baya shekara shida, ya ajiye shi a makonnin da suka biyo bayan tiyatata, ya bar shi can.

Makonnin nan na sha wuya. Komai na haɗiya sai ya dawo, na bushe, har aka fara yi wa Baba maganganun da ake yi wa wanda zai rasa ɗa. Shi ya zauna a bakin gadona da ƙaramin cokali da takardar asibiti. Abinci mai laushi kawai, cokali goma sha biyu, sau shida a rana. Ya haddace ta kamar karatu.

Yanzu a ganinsa har yau ni ce marar lafiyar.

In na kawo masa abinci ba ya ci. Sai ya karɓi cokalin da hannun hagu, ya ɗanɗana ko da zafi, ya miƙo mini.

"Buɗe baki, Uwata. Ɗaya..."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake ce mini Uwata.

Yana ƙirgawa yana kallon maƙogwarona har in haɗiye. In aka kai goma sha biyu sai ya sauke ajiyar zuciya, ya dubi ragowar.

"Kada a yi asararsa," sai ya ce, ya cinye.

Hanyar da abinci ke shiga cikin Baba ke nan, babu wata. Ragowata yake ci. Kuma likitansa ya ce tunda kaɗan yake ci, a cika masa da madara da man shanu da suga. Dankali nake damawa da su har ya yi santsi, wani lokaci biskit a madara.

Ni mai koya wa yara lissafi, ban taɓa zama na buga goma sha biyu sau shida ba sai ranar da na ga hudar allurar nan. Saba'in da biyu. Kullum, wata takwas.

*

Washegarin ranar da na baro shagon Tela na je asibiti. Likitar abinci, wata doguwar mata mai gilashi da ba ta iya zagaye-zagaye ba, ta nuna mini sikeli da biro.

Kilo casa'in da uku.

Aka huda yatsana, ta dubi na'urar, ta dube ni.

"Sugan ya fara leƙowa," ta ce. "Bai shigo da kayansa ba tukuna, amma yana bakin ƙofa."

"Likita, ai cikina ƙarami ne. Rabin ƙwai ma cika ni yake. Ta ina?"

"Ƙwai yana zama, shi ya sa yake cika ki. Abu mai laushi wucewa yake kamar ruwa, bayan awa ɗaya cikin ya sake zama fanko. Tiyata ta yi nata tun shekara biyun farko, abin da ya rage aikinki ne. Yaushe rabonki da tafiyar safe?"

"Wata takwas."

"Bitamin fa?"

Na sunkuyar da kai.

Ta jawo takarda tana rubutu tana faɗa. Sau uku a rana, a zaune, a ƙaramin faranti. Kifi ko ƙwai ko wake a fara da su, sai ganye, in wuri ya rage sannan sauran. A tauna sosai. Ba ruwa sai bayan rabin awa. Ba ciye-ciye tsakani. Tafiya minti arba'in, sannan a ɗaga wani abu mai ɗan nauyi sau uku a mako, ko gorar ruwa ce, don nama ya dawo.

Na ba ta labarin Baba. Ta cire gilashin ta murza ido.

"Kwano ɗaya, marasa lafiya biyu," ta ce. "Abin da zai riƙe shi, shi zai kayar da ke. Ban da maganin wannan a takardata, 'yar'uwa. Amma in kika ci gaba a haka, kafin shekara kin koma allura."

Na fito na zauna a kan bencin waje na yi kuka mai isata. Mama nake gani, da ƙafarta a naɗe.

*

Na fara da dabara. Na dafa ƙwai, na zauna kusa da Baba da farantina.

"Baba, ga nawa, ga naka. Mu ci tare."

Ya dubi ƙwan, idanunsa suka firfito. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba, ya kai wa farantin duka ya tarwatse a ƙasa.

"Zai yage ɗinkin cikinki! Wa ya ba ki? So suke su kashe mini ke?"

Hawaye na bin gefen bakin da ya karkace. Sai da na rungume shi na rantse ban ci ba.

Na gwada taɓa cokalin da leɓe kawai. Ya gane, ai maƙogwaro yake kallo. Na gwada dama abincin ba suga ba mai, muka ci tare kwana huɗu, sai ga wandonsa yana zamewa, likitansa ya yi mini faɗa a waya.

Ranar nan na ce to, bari in taurare.

"Na ƙoshi, Baba. Kai ka ci."

"Ɗaya kawai, Uwata..."

"Na ƙoshi."

Ya riƙe cokalin a sama har hannunsa ya gaji. Ya ajiye, ya juya fuska bango. Ranar bai ci ba. Washegari ma haka, ruwa kawai Gwaggo ta samu ya kurɓa. Ina jin sa daga kicin yana magana shi kaɗai.

"Ta ƙi ci... ya Allah, ta ƙi ci... na binne uwarta, kada ka nuna mini wannan."

Da yamma Yaya ya kira. Gwaggo ta riga ta kai masa rahoto.

"Auta, me nake ji? Kina da hankali kuwa?"

"Yaya, suga ya dawo mini. Likita ta ce..."

"Likita ta ce! Cokali goma sha biyu ne zai kashe ki? Mutumin da ya bar aikinsa wata uku ya zauna yana ba ki a baki! Yau don kada ki yi ƙiba za ki bar shi da yunwa?"

"Ba ƙiba ba ce, Yaya, raina ne!"

"Shi nasa ba rai ba ne?"

"To ka zo ka ci mana! Ka zo ko kwana biyu!"

"Ai ba ni yake miƙa wa ba," ya ce, ya kashe.

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Na shiga kicin na dama dankali da madara da suga, na kai. Baba ya ga na buɗe baki sai ya fashe da dariya da kuka lokaci ɗaya. Na haɗiye goma sha biyun, ina jin kowanne yana sauka kamar dutse. Ya cinye ragowar har yana suɗe kwano.

*

Duk kwanakin nan Tela yana zuwa. Ƙarfe bakwai na safe zai tsaya a bakin get, ya gaishe da Gwaggo, ya tambayi jikin Baba, ya tafi. Ni kuwa ko labule ban ɗaga ba. Ƙarya nake, ina ɗagawa kaɗan. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, kuma rigar jikinsa ba guga, shi da ko shara zai fitar sai ya goge riga.

A rana ta tara sai na ji ƙarar mota. Na leƙo, ga shi da direba suna sauke keken ɗinki a barandar Baba.

"Wannan kuma fa?"

"Na rufe shago."

"Wa ya gayyace ka?"

"Ba kowa. Gwaggo ta gaya mini komai." Ya buɗe leda ya fito da kwanuka biyu farare, iri ɗaya sak. "Ki saurare ni minti ɗaya, in bai yi miki ba in mayar da kekena. Baba ragowarki yake ci, ko? To ki zuba naki a wannan, kifi ko wake a niƙe, ba suga ba mai. Nasa a wannan. Ya ba ki goma sha biyu daga naki. In ya gama sai ki ja hankalinsa, ni kuma in musanya."

Na daɗe ina kallon kwanukan.

"Wato wata ƙaryar ka zo da ita."

"E," ya ce. "Ita na iya, ga alama."

Dariya ta kusa kufce mini, na danne ta.

"Sau shida a rana fa, Tela. Likita uku ta ce."

"Ukun ki ci na gaske. Sauran ukun romo ne tsararo, ki nuna wa likitar in ta yarda. Kuma da safe ina nan tare da shi, ki fita ki yi tafiyarki."

"Masu ɗinkinka fa?"

"Wanda ya matsu ya biyo ni nan."

Na juya zan shige, ya kira ni da muryar da na sani.

"Gimbiya... na yi kuskure. Na ɗauka kukanki ne abin tsoro, ashe ba shi ba ne. Ki yafe mini."

"Da sharaɗi."

"Faɗi."

"Kada ka ƙara yi mini ƙarya. Ko da gaskiyar za ta sa in suma a gabanka."

"Na yi alkawari."

"Kuma ka je ka aske wannan gemun, ka koma kamar wanda aka kora daga gida."

"Ai korar tawa aka yi," ya ce.

Dabarar ta ci. Da Baba ya ce goma sha biyu sai in kama fuskarsa in goge masa baki da tawul, ina ce masa sannu, Baba, Allah ya saka. Kafin in sauke tawul ɗin, hannun Tela ya gama aikinsa. Baba yakan ɗanɗana ya ɗan yamutsa fuska.

"Ƙasan kwanon ya fi zaƙi," ya ce wata rana.

"Sugan ne ke kwantawa, Baba," in ji Tela, ko ƙifta ido bai yi ba.

Na koma tafiya. Ranar farko minti goma na yi na zauna a kan dakalin wani kanti ina haki kamar wadda aka biyo. Mako na biyu na kai filin ƙwallo na zagaya sau ɗaya. Ina dawowa in tarar da keke na sururu a baranda, Baba a kujerarsa yana kallon allura na hawa da sauka. In ɗauki gorunan ruwa biyu in yi ta ɗagawa, Gwaggo na salati tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin mai wahalar da ruwa haka ba.

Cikin mako bakwai kilo huɗu suka tafi. Suga ya ja baya. Likitar abinci har murmushi ta yi, na ga haƙoranta karon farko.

Sai dai akwai abin da kwano biyu bai gyara ba.

Baba bai daina tsoro ba. Kowane cokali da fargaba yake miƙo shi. In na yi tari sai jikinsa ya ɗauki rawa. In na fita tafiya ya yi ta tambayar Tela ko an mayar da ni asibiti ne. Da rana in ya ɗan rintsa, firgigit yake farkawa yana kiran sunana. Gwaggo ta ce haka yake yi har gari ya waye, kuka yake kamar yaro.

Wata goma mahaifina yana zaune a bakin gadon 'yarsa da ke mutuwa. Mu kuma mun samo hanyar da zai daɗe a wurin.

*

Ranar wata Laraba ce, da hantsi. Na dawo daga tafiya da gumi, fuskata ta yi ja, ban ko canja takalmi ba na kawo tiren. Baba ya ƙirga goma sha biyu. Na ɗauko tawul.

Sai ya riƙe hannuna.

Ya dubi hannun, ya matsa damtsen da yatsunsa. Ya dubi takalmin ƙafata, ya dubi gumin goshina. Idanunsa suka yi wani irin haske da na daɗe ban gani ba, kamar mai leƙowa ta taga.

"Daga ina kike, Uwata?"

"Tafiya na yi, Baba."

"Da ƙafarki?"

"Da ƙafata."

Ya juya wajen Tela, wanda ke tsaye da ɗaya kwanon a bayansa.

"Kai, zo nan. Kai ne mijinta, ko?"

"Ni ne, Baba."

"Likitocin nan ba sa gaya mini gaskiya. Kai ka gaya mini, tsakaninka da Allah. Yarinyar nan... za ta tashi?"

Tela ya dube ni. Mu duka mun san abin da ke cikin tambayar. Tsoron nan shi ke sa Baba ɗaukar cokali. In aka ce masa da saura, zai ci gaba da ba ni, ya ci gaba da cin ragowa, ya ci gaba da kukansa. In aka ce na warke, ban san me zai rage masa ba.

Tela ya buɗe baki, na san me zai ce, don na san shi. Zai ce da saura kaɗan, Baba, a ci gaba da ba ta.

Na dubi fuskar Baba. Ya ƙanƙame hannuna, yana jiran hukunci.

"Na tashi, Baba," na ce.

"Gimbiya..." in ji Tela.

"Na tashi tuntuni. Ɗinkin ya warke. Ina cin ƙwai, ina cin kifi, ina zagaya filin ƙwallo sau uku. Shekara shida ke nan. Kai ka tashe ni, Baba, da cokalinka."

"Shekara shida?"

"Shida."

"Ba za ki mutu ba?"

"Sai lokacina ya yi. Amma ba wannan ciwon ba."

Ya sake dubar Tela.

"Gaskiya ne?"

Tela ya durƙusa a gabansa, hawaye na zuba.

"Gaskiya ne, Baba."

Ban taɓa ganin fuska ta saki irin yadda ta Baba ta saki ba. Ya jingina da kujera, ya lumshe ido, ya yi ta hamdala a hankali. Sannan ya ajiye cokalin a kan tire.

"Kai, na gaji," ya ce. "Uwata, na gaji ƙwarai. Bari in ɗan kwanta."

"Ka ci abincin tukuna, Baba."

"Anjima."

Ranar ya yi barcin awa biyar ba firgita.

Anjimar ba ta zo ba. Na kawo da rana, ya yi murmushi ya ce ya ƙoshi. Na kawo da yamma, haka. Washegari na zauna a gabansa na buɗe baki kamar 'yar tsuntsuwa.

"Baba, yunwa nake ji. Ba ni."

Ya shafa kaina.

"Ke da kika warke? Ci da hannunki mana, ga mijinki yana kallo."

Na yi roƙo, na yi kuka, na ce ƙarya na yi, ciwon ya dawo. Ya yi dariya ya ce tun ina ƙarama ban iya ƙarya ba. Duk abin da ya manta a duniya, wannan ɗaya ya riƙe shi gam.

Kwana na uku muka kai shi asibiti. Suka sa masa ruwa, suka sa robar abinci ta hanci, ya cire, suka mayar, ya sake cirewa. Ba faɗa, ba fushi. Likitansa ya ce jikin ya daɗe da gajiya, ƙirjin ma ya kama. Yaya ya iso a kwana na shida, ko gaisuwata bai amsa ba.

Kwana na tara, da la'asar, Baba ya tafi yana barci, hannunsa a cikin nawa.

*

Bayan mako biyu mutane suka watse. Yaya ya tsaya a bakin mota da jakarsa.

"Da kin yi shiru," ya ce, "da yanzu yana nan."

Ya shiga, suka tafi.

Washegari da safe na fito baranda. Tela yana naɗe wayar kekensa, za a mayar shago. Na zauna a kan matakala da takalman tafiyata a hannu, na kasa sawa.

"Tela."

"Na'am, Gimbiya."

"Ni na kashe shi?"

Ya ajiye wayar ya zo ya zauna kusa da ni.

"Ka ce mini a'a," na ce. "Don Allah ka ce a'a. Ka ce kwanansa ne ya ƙare, ka ce ko na yi shiru haka za ta faru... ka faɗa mini ko me ne ne!"

Ina ganin yadda kalmar ke kai-kawo a bakinsa, kalma ɗaya tak, mai sauƙi, wadda zan so shi saboda ita har abada.

"Kwana na Allah ne," ya ce. "Amma ko da kin yi shiru zai ƙara wata ɗaya ko shekara, wannan ban sani ba. Wallahi ban sani ba, kuma ba zan ce miki na sani ba."

Na fashe da kuka, na kai masa duka a ƙirji.

"Mugu! Yau ɗaya ma ba za ka yi mini ba?"

"Ba zan yi ba."

Ya riƙe hannuwana biyu.

"Ga abin da na gani da idona. Mako bakwai ina zaune da shi a barandar nan, ban ga ya yi minti goma hankalinsa kwance ba. Kwana taran nan kuwa ko sau ɗaya bai firgita ba. Ranar da za a kai shi asibiti, kina ciki kina haɗa kaya, ya kira ni ya ce, ka ga 'yata? Da ƙafarta take zagaya fili. Sau uku ya maimaita mini, yana dariya."

Na kifa kaina a kafaɗarsa na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar. Bai ce in yi haƙuri ba, bai ce in daina ba. Ya bar ni har na gaji don kaina.

Da na ɗago, rana ta fara hawa, masu zuwa aiki suna ta wucewa a titi.

"Ba zan iya zagaye uku yau ba," na ce.

"Mu je bakin titi mu dawo."

"In na zauna a hanya fa?"

"Sai in zauna."

Ya durƙusa ya sa mini takalman, ya ɗaure igiyar. Na miƙe ina share fuska da bayan hannu, muka fita, ya ja get ɗin ya rufe.